Asalin Sunan Dikko: Daga Wane Harshe Ya Fito, Kuma Me Yake Nunawa Game da Zuriya?

"Assalamu alaikum Malam. Sunan gidanmu Dikko, shi ne a takardun makarantarmu da katin ɗan ƙasa, kuma mun gaje shi ne daga kakan mahaifinmu. Mu dai mun tashi mun tarar Hausa ake yi a gidanmu, babu mai jin Fulatanci ko mutum ɗaya, kuma marigayi mahaifinmu yakan ce mu Haɓe ne. To, a aikin Hajjin da ya wuce na haɗu da wani mutumin Mali mai suna Dicko, da ya ga sunana sai ya rungume ni ya ce mu dangi ne, kakanninmu sarakunan Fulani ne. Wasu kuma a nan gida suna cewa ai duk wani Dikko jinin gidan sarautar Katsina ne. Ina roƙon Malam ya warware mini: daga wane harshe sunan ya fito, mece ce ma'anarsa, kuma shin yana nuna asalinmu?" Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya karɓi Hajjinka, ya jiƙan mahaifinka. Tambayar taka, ɗan'uwa, tambayoyi uku ne aka tufke wuri guda, kuma rashin rarrabe su shi ne yake jawo yawancin gardamar da ake yi a kan sunayen gidaje. Ta farko ita ce harshen da kalmar Dikko ta fito da kuma ma'anarta a can. Ta biyu ita ce ko duk masu amsa wannan suna, tun daga Mali har Katsina, tsatso ɗaya ne. Ta uku, wadda na tabbata ita ce ta fi damunka, ita ce ko sunan ya isa ya rushe maganar mahaifinka cewa ku Haɓe ne. Ta farko tana da amsa tabbatacciya, ta biyu ma tarihi ya amsa ta, amma ta uku ilimin harshe shi kaɗai ba ya yanke hukunci a kanta, domin kalma tana da nata asali, mutumin da ake kira da ita yana da nasa, kuma sau da yawa a kan mutum ɗaya tak suke haɗuwa a cikin zuriya, sai na baya su gaji sunan ba tare da sun gaji dalilinsa ba.

Kalmar da harshenta

Dikko kalmar Fulatanci ce, kuma ma'anarta ɗan fari. Fulani suna da tsarin sunaye na jerin haihuwa wanda yake tafiya tare da sunan yanka, ta yadda da jin sunan mutum za a san shi ne na nawa a ɗakinsu. A ɓangaren maza, na farko shi ne Hammadi ko Dikko, na biyu Sambo, wanda mutanen yamma suke cewa Samba, sannan Yero da Pate da Demba su biyo baya, kodayake jerin waɗannan ukun yana sauyawa daga wata ƙasa zuwa wata. A ɓangaren mata kuwa ana da Dikko, Kumbo, Pendo, Takko da Dado. Ka lura cewa Dikko ya fito a jerin maza da na mata duka, abin da yake nuna cewa ba jinsi yake bayyanawa ba, matsayin farko yake bayyanawa. Saiwar kalmar tana nan da ranta a harshen, domin a Fulatancin Futa Jalon da ke ƙasar Gini har yanzu "dikkuru" ake ce wa ɗan fari, alhali a yankinmu, musamman wajen Adamawa, kalmar "afo" ce ta fi yawo a magana ta yau da kullum, Dikko kuma ya tsaya a matsayin suna.

Ƙirar kalmar ma tana goyon bayan haka. A Fulatanci sunayen da suka shafi ɗan Adam suna yawan ƙarewa da wasalin "o", kamar Pullo, gorko, debbo, modibbo da lamiɗo, kuma a wannan sahu Dikko da Sambo da Yero da Bello suka faɗo. Sai dai ban yarda da masu kafa hujja da ninka harafin "k" ba, domin Hausa ma tana da irinsa a kalmomi kamar tukku da dukka. Abin da ya fi ƙarfi shi ne, babu wata saiwa a Hausa da za ta ba da ma'anar da ta dace da yadda ake amfani da sunan, alhali a Fulatanci yana zaune a cikin cikakken tsari tare da 'yan'uwansa.

Hujjar da na fi so in kawo wa ɗalibai kuwa tana cikin bakin Bahaushe kansa, a kalmomin da yake furtawa a tsakar gida ba tare da ya san aro ba ne. Bafulatani yakan kira 'yan'uwan mahaifiyarsa mata ta hanyar haɗa "ya", wato uwa, da sunan jerin haihuwarsu, sai ya ce ya-Dikko ga babbar, ya-Kumbo ga mai bi mata, ya-Pendo ga ta uku. Daga nan ne Hausa ta samu yadikko da yakumbo da yafendo. Da kalmomin suka shigo Hausa sai lissafin ya ɓace, yadikko ta koma nufin matar uba wadda ba ita ta haife ka ba, yakumbo da yafendo suka zama 'yan'uwan uwa kawai, babu mai tambayar ta nawa ce. Haka nan a ɓangaren uba ana haɗa "ba" da sunan jerin, a ce ba-Dikko, ba-Sambo, ba-Yero, kuma wannan na ƙarshe shi ne Bayero da kowa ya sani a gidan sarautar Kano. Idan aka haɗa da kawu da gwaggo da baffa, waɗanda su ma daga Fulatanci suka zo, za a ga cewa sashen zumunta na harshen Hausa ya sha aro mai yawa daga Fulani, duk da cewa harsunan biyu ba dangi ba ne, tunda Hausa tana cikin reshen Cadi na dangin Afro-Asiya, Fulatanci kuma yana cikin reshen Atlantika na dangin Neja-Kwango. Auratayya da maƙwabtaka na ɗaruruwan shekaru ne suka kawo wannan. Gidan da ake cewa yadikko da kawu bai zama gidan Fulani ba saboda haka, kuma wannan ita ce matashiyar amsar tambayarka ta uku.

Sunayen gargajiya na Hausa sun fi kula da yanayin da aka haifi yaro fiye da lambarsa a jeri. Tanko shi ne namijin da ya biyo bayan mata, Kande ko Delu macen da ta biyo bayan maza, Gambo mai bi wa tagwaye, Audi wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa, Cindo mai yatsa shida, Ɗanjuma da Ɗanladi da Balarabe kuma ranar haihuwa suke nunawa. Idan Bahaushe yana son ƙirga 'ya'ya sai ya koma ga Larabci, ya ce Lawal ko Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru, waɗanda da farko don a bambance 'ya'yan gida ɗaya da duk aka raɗa wa Muhammadu ake amfani da su. Saboda haka Muhammadu Dikko da Muhammadu Lawal aiki ɗaya laƙabinsu yake yi, ɗaya da Fulatanci, ɗaya da Larabci.

Abin da ya sa laƙabin yake danne sunan yanka

Ba za a fahimci yadda irin wannan suna yake daɗewa ba sai an dubi al'adar kunyar ɗan fari. A gidajen Fulani da na Hausawa na da, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kuma sau da yawa da an yaye shi kakanni ne suke ɗaukarsa riƙo. Fulani suna kiran wannan kunya "semteende", tana kuma cikin ginshiƙan pulaku, wato ɗabi'un gado na Fulani. Idan aka ƙara da cewa ɗan fari shi ne aka fi raɗa wa sunan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ba a son a riƙa kiransa gatsau ko a haɗa shi da faɗa da zagi, ko kuma a raɗa masa sunan kakansa wanda suruka ba za ta iya furtawa ba, sai ka ga dalilai sun taru sun tilasta a nemo sunan da kowa zai iya faɗa. Shi ya sa mutum yakan tsufa ya mutu jikokinsa ba su san sunansa na yanka ba.

Akwai wani abu kuma da masu bincike sukan manta da shi. Laƙabi yana bin takwara. Idan an yi wa jariri takwara da wani Muhammadu da ake kira Dikko, to ya gaji sunan da laƙabin gaba ɗaya, ko da shi ne na bakwai a ɗakin uwarsa. Don haka ba kowane Dikko ne ɗan fari ba, kamar yadda a yau za ka sami Sani wanda shi ne babba a gidansu.

Dicko na Mali da Burkina Faso

Abokinka na Mali bai yi maka ƙarya ba game da nasa gidan, ya dai auna ka ne da ma'aunin ƙasarsu. A yammacin ƙasar Fulani kowane mutum yana da suna iri biyu. Akwai "innde", sunansa na kansa, akwai kuma "yettoore", sunan zuriya da ake gada daga uba har abada, wanda Bambarawa suke kira "jamu". Da shi ake gaisawa, da shi ake kambama mutum, kusan yadda muke yi da kirari. Manyan sunayen zuriya guda huɗu da aka fi sani su ne Jallo, Ba, So da Bari, waɗanda rubutun Faransanci ya mayar Diallo, Bah, Sow da Barry. A yankin Masina, inda kogin Kwara yake bazuwa a tsakiyar Mali, shugabannin Fulani masu sarautar arɗo da suka yi mulki kafin jihadin yankin daga reshen Jalluɓe suke, kuma Dikko ne sunan gidansu. Su ne Shehu Ahmadu Lobbo, wanda shi daga zuriyar Bari yake, ya rinjaya a 1818 ya kafa daularsa mai hedikwata a Hamdullahi, wadda ta tsaya har Alhaji Umaru Futi ya ci ta a 1862. Gidajen sarautar Fulani na Jelgoji, wajen garin Jibo a arewacin Burkina Faso, su ma Dicko suke amsawa, haka nan sarakunan Liptako da ke Dori, masarautar da aka kafa wajen 1810 kuma ta kasance ƙarƙashin Gwandu a tsarin daular Usmaniyya. Sanannen mai wannan suna a zamaninmu shi ne Imam Mahmoud Dicko, wanda ya shugabanci majalisar ƙoli ta Musulunci ta Mali daga 2008 zuwa 2019.

Yadda kalmar ɗan fari ta zama sunan gidan sarauta ba abu ne mai wuyar ganewa ba, domin a al'ummar da babban ɗa yake gadon jagorancin ruga, tazarar da ke tsakanin "babba a haihuwa" da "babba a mulki" kaɗan ce. A ganina wannan hanyar kalmar ta bi, kuma abin da yake ƙarfafa mini guiwa shi ne, a wasu sassan jihohin Kebbi da Neja har yau Dikko sarauta ce ta shugaban Fulani makiyaya, daidai da Arɗo a wasu wurare. Ko a Mali ɗin ma, ba kowane Dicko ne jikan arɗo ba, saboda mutanen da suka zauna a ƙarƙashin manyan gidaje sun riƙa ɗaukar sunan iyayen gidansu.

To a ƙasar Hausa wannan tsari na "yettoore" bai kafu ba. Fulanin da suka zauna a nan da sunan dangi aka san su, ana cewa Toronkawa, Sulluɓawa, Yolawa, Dambazawa, Joɓawa, Mallawa, amma ba a liƙa wannan a bayan sunan mutum. Saboda haka idan mutumin Mopti ya ce shi Dicko ne, zuriyarsa yake faɗa maka, idan kuma mutumin Funtuwa ya ce shi Dikko ne, galibi sunan wani kakansa guda ɗaya yake faɗa. Kalmar ɗaya ce, aikinta ne ya bambanta. Bambancin rubutu kuwa gadon Turawan mulki ne kawai, Faransawa suka rubuta "ck", Ingilishi suka rubuta "kk" ko "k" guda. A Jamhuriyar Nijar ana ganin haɗuwar abubuwan biyu a sunan jami'ar Maraɗi, wadda aka raɗa wa Dan Dicko Dankoulodo, inda aka ɗauki sunan Fulatanci, aka sa masa "ɗan" na Hausa a gaba, aka rubuta shi da ƙa'idar Faransanci.

Batun gidan sarautar Katsina

Masu cewa duk Dikko jinin sarautar Katsina ne sun ɗauki shahara a matsayin asali. Muhammadu Dikko yana riƙe da sarautar Durɓi lokacin da Turawa suka naɗa shi Sarkin Katsina a 1906, bayan sun tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa, wato zuriyar Ummarun Dallaje mai tutar jihadi. Ka ga shi kansa wanda aka tuɓe ɗin sunan jerin haihuwa yake ɗauke da shi, alamar cewa irin waɗannan sunaye ruwan dare ne a gidajen Fulanin Katsina tun kafin wannan sarki. Dikko ya yi mulki har zuwa 1944, ya yi aikin Hajji ya kuma ziyarci Ingila a 1921, kuma sunansa ya kai ko'ina. Amma danginsa Sulluɓawa ne, Dikko sunansa ne shi kaɗai. Dubi yadda magadansa suke amsa suna: Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har zuwa 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman, ga kuma Janar Hassan Usman Katsina. Babu Dikko a ƙarshen sunan ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya ɗauki sunan a zuriyar, kamar Muhammadu Dikko Yusufu da ya shugabanci 'yan sandan Nijeriya daga 1975 zuwa 1979, takwara aka yi masa. Wannan ya saɓa wa abin da ya faru a Kano, inda laƙabin Sarki Abdullahi Bayero, mai mulki daga 1926 zuwa 1953, ya daskare ya zama sunan gida ta hannun ɗansa Ado Bayero da jikokinsa.

A ɗaya gefen kuma, fitattun mutanen da Dikko ya zama sunansu na ƙarshe ba daga fadar Katsina suka fito ba. Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, wanda aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949 kuma asibitin koyarwa na jihar Kaduna yake ɗauke da sunansa, mutumin Wusasa ne ta Zariya. Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shagari, shi ma da Zazzau aka san shi. Gwamnan Katsina tun 2023, Dikko Umaru Raɗɗa, a wurinsa sunan farko ne, garinsu ne ya zama sunan ƙarshe. Mutum uku, matsayi daban-daban, kuma sunan bai sa sun zama gida ɗaya ba.

Yadda sunan mutum ɗaya ya zama na gida

A da can Bahaushe ba shi da abin da ake kira sunan iyali. Ana gane mutum da ubansa, ko garinsu, ko sana'arsa, ko sarautarsa, a ce Audu ɗan Garba, ko Audu Bakatsine, ko Audu maƙeri. Rajistar boko ce ta zo da gurbi na biyu da dole a cike. Tun daga makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, zuwa Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, malamai sun riƙa bambance ɗalibai masu suna ɗaya da garuruwansu, shi ya sa muka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Aminu Kano, Sa'adu Zungur da Isa Kaita, kuma Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ake kiransa a makaranta. Wasu kuma sunan uba aka rubuta musu, kuma da yake yaro kunyar faɗin sunan yankan ubansa yake yi, ko ma bai san shi ba, sai ya ba da laƙabin da ya ji ana kiransa da shi. A yawancin gidaje sunan ƙarshe yana sauyawa da kowane zamani, ɗa ya ɗauki sunan ubansa, jika ya ɗauki na nasa uban. A wasu gidajen kuwa ya tsaya a kan kaka ɗaya, galibi wanda ya yi suna ko wanda 'ya'yansa suka fara shiga boko, sannan takardun jarrabawa da fasfo da lambar banki da katin ɗan ƙasa suka zo suka ɗaure shi tamau. Tunda ka ce daga kakan mahaifinku kuka gaje shi, shekarun sunan a matsayin sunan gidanku ba za su wuce zamani huɗu ba, alhali zuriyarku ta fi haka nisa ƙwarai.

Hanyoyin da mutumin zai iya samun sunan suna da yawa. Yana iya zama Bafulatani ɗan fari, wanda 'ya'yansa suka zauna a gari suka auri Hausawa har harshen ya ɓace, abin da ya faru da dubban gidaje. Yana iya zama uwarsa ko kakarsa ce Bafulatana, ita ta laƙaba masa, alhali ubansa Bahaushe ne, kuma a lissafinmu ɗa na uba ne. Yana iya zama an yi masa takwara da sarki, ko malami, ko aminin ubansa, kuma idan an haife shi a ƙasar Katsina tsakanin 1906 da 1944 wannan zato yana da ƙarfi, domin talakawa sun saba raɗa wa 'ya'yansu sunan sarkin zamani. Yana iya zama ya taso a riƙon gidan Fulani ko yana barantaka a wata fada. Akwai ma garin Dikko a ƙasar Gwari kusa da Suleja a jihar Neja, kuma tunda mutanenmu suna ɗaukar sunan gari, wanda ya fito daga can zai iya amsa sunan ba tare da wata alaƙa da duk abin da na ambata ba.

A lokacin da nake tattara sunayen gidaje a wata tsohuwar unguwa ta marina, na zauna da mazan wani gida masu amsa Dikko, waɗanda suka tabbatar mini cewa su Fulani ne da kakansu ya rasa shanu ya koma rini. Da aka shigar da ni cikin gida gaishe da gwaggonsu, tsohuwa ce da idonta ya yi rauni, tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa a faifai, sai na tambaye ta sunayen ƙannen wannan kaka. Ta lissafo Tanko, Ɗanladi da Kande, babu Sambo babu Kumbo. Na ce to wa ya sa masa Dikko? Ta dakata da ɓarar ta ce ai sunan mai kiwon shanun ubansa ne, wani Bafulatani da suka yi amana shekara da shekaru, duk kaka yana sauka a gonarsu shanu su yi taki, da aka yi haihuwar yana nan sai aka mayar masa da suna. Mazan gidan ba su taɓa jin wannan ba, domin ba su taɓa tambayarta ba. Na kuma ga akasin haka a wani gida da suke rantsuwa su Haɓe ne, amma da aka jero 'yan ɗakin kakan sai ga Dikko, Sambo da Yero a jere, aka kuma fito da tsofaffin rasit na jangali daga cikin adaka.

Abin da za ka yi a naka gidan

Ka fara da tsofaffin mata, domin su ne suke riƙe da lissafin ɗaki, su suka san wa ya sha nonon wa, kuma maza sun fi son labarin da zai ɗaga gida. Kada ka tambaye su "mu Fulani ne ko Haɓe", domin amsar da aka saba bayarwa za su maimaita maka. Ka tambayi sunan yankan wannan kaka, ko shi ne ɗan fari, sunayen 'yan ɗakinsu maza da mata, sunan uwarsa da garin da aka auro ta, da kuma wanda aka yi masa takwara da shi. Jerin sunayen 'yan ɗaki shi ne ma'auni mafi inganci da na sani, saboda suna ɗaya ana iya aro shi, amma ba a aron tsari gaba ɗaya. Idan tsohuwa ta ƙi furta wani suna kada ka matsa mata, wataƙila na mijinta ne ko na surukinta, sai ka sa wata ta faɗa a gabanta ita kuma ta gyaɗa kai.

Bayan haka ka dubi shaidun da ba na baki ba. Tsagar fuskar tsofaffin gidan tana magana, haka sana'ar gado, haka kirarin da maroƙa suke yi muku a biki, haka waɗanda kuke wasan barkwanci da su, domin idan Barebari ne abokan wasanku na gado wannan alama ce ta ɓangaren Fulani. Idan gidan malamai ne, ka duba ƙarshen littattafan da aka kwafa da hannu, inda marubuci yakan sa sunansa da na ubansa, wani lokaci har da nasaba irin su al-Fallati ko al-Kashinawi ko al-Barnawi. Sai dai ka yi hattara da ajami, domin idan ba a sa wasali da shadda ba, haruffan da suka ba da Dikko su ne za su ba da Diko ko Duku ko Dako, kuma na sha ganin an gina nasaba a kan karatun da ba daidai ba. Takardun gado na kotun alƙali, takardun gona da rasit na haraji ko jangali su ma suna taimakawa. Idan kakan ya riƙe wani muƙami, ko da mai unguwa ne ko malamin haraji, ana iya samun sunansa a rahotannin gundumomi da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ko a Gidan Arewa, amma talakan da bai riƙe komai ba da wuya ya bayyana a irin waɗannan takardu.

Wasu sukan tambaye ni game da gwajin ƙwayoyin halitta da ake aikawa ƙasashen waje. Zai iya nuna maka kusancinka da wasu al'ummomi a dunƙule, amma ba zai gaya maka dalilin da ya sa aka kira mutum ɗaya Dikko ba, kuma a yankin da aka shafe ƙarnoni ana auratayya kusan kowa zai ga gauraye a sakamakonsa. Maganar mahaifinka kuwa ka riƙe ta a matsayin shaida mai nauyi, domin ya rayu da mutanen da suka ga wannan kaka da idonsu, kuma a zamanin da jingina kai ga Fulani yake ƙara wa mutum daraja, wanda ya ce shi Kaɗo ne ba riba yake nema ba. Ba za a ture ta ba sai an sami jerin sunaye ko takarda da ta fi ta ƙarfi.

Game da rubutu, daidai shi ne Dikko da "d" da "k" marasa lanƙwasa, domin Fulatanci ba shi da harafin "ƙ" sam. Amma idan takardunku sun riga sun tafi a kan Diko, ko 'yan'uwanku na Nijar suna rubuta Dicko, kowa ya bar nasa yadda yake a katin ɗan ƙasa da fasfo da takardun makaranta, saboda saɓanin harafi ɗaya tsakanin takardu yana iya tsayar da biyan fansho ko neman biza har sai an je kotu an yi rantsuwa.